Yadda Ake Gane Sarauniyar Tururuwa

Bayan ruwan farko na damina, tururuwai masu fukafukai kan fito domin barbara. A lokacin ne mai sha'awar kiwonsu ke samun sarauniya, sai dai yara da yawa kan kawo shinge gida suna zaton ita ce. Shinge ɗan gara ne: ƙugunsa ba ya tsukewa, ƙahonninsa miƙaƙƙu, fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya. Ita kuwa tururuwa siririn ƙugu gare ta, ƙahonninta a lanƙwashe kamar gwiwar hannu.

Ku dubi ƙirji da kyau. Na sarauniya ya fi na ma'aikaciya kauri ainun, domin a nan jijiyoyin tashi suke, kuma a gefensa akwai tabon fukafukan da ta karye bayan barbara. Wadda ke tafiya ita kaɗai da wannan tabo ita ce abin nema. Namiji ƙaramin kai gare shi da manyan idanu, kuma kwanakinsa kaɗan ne.

A sa ta cikin bututun gilashi mai ruwa da aka toshe da auduga, a ajiye cikin duhu, a daina leƙe. Hadisi ya hana kashe tururuwa, don haka wadda aka kama bisa kuskure a mayar da ita inda aka same ta.