Ƙarfen Maƙwabci Ya Ɓata Hoton Talabijin: Shin Yana Ɓata Jiki?

Wata shekara da na je hutun ƙarshen zango gida Kazaure, tun ban gama sauke kaya ba aka ce mai unguwa yana nemana. Da na isa zaure na tarar da magidanta wajen goma, ga kuma wani dattijo a gefe ya sunkuyar da kai. Dattijon nan tsohon ma'aikacin waya ne. Bayan ya yi ritaya sai ya kafa dogon ƙarfe a bayan gidansa, ya ɗaura masa eriya, ya haɗa da na'urar oba-oba irin ta masu sha'awar rediyo, wadda da ita yake hira da takwarorinsa na ƙasashe masu nisa bayan sallar isha'i. Yana da lasisi, har da lambar kira mai farawa da 5N, wadda ita ce alamar Nijeriya a wannan fage.

Ƙara biyu aka kawo a kansa. Ta farko, da zarar ya fara magana sai hoton talabijin na maƙwabta ya kama rawa, ya yi ratsi-ratsi, wani lokaci har a ji muryarsa a cikin akwatin kamar daga cikin tulu. Ta biyu ita ce mai nauyi: wani ya ce tun da aka kafa ƙarfen ciwon kai bai sake shi ba, wani kuma ya ce mai ɗakinsa ta yi ɓari. Mai ciwon kan ya dube ni ya ce, "Dakta, abin da ya ratsa bango ya shiga akwati ya hargitsa shi, me zai hana shi hargitsa nama da jini?" Ni dai malamin ilmin halittu ne, ban taɓa yi wa kowa allura ba, amma a garinmu duk wanda aka kira Dakta likita ne.

Tambayar tasa ta hankali ce, ba a kuwa daina yin ta ba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, turakun sadarwa suka bazu har Roni da Gwiwa da Babura, ita ce ake maimaitawa a kan kowane ƙarfen sabis da aka kafa kusa da gidaje.

Me ya sami talabijin?

Abin da ke fita daga eriya shi ne igiyoyin rediyo, waɗanda Heinrich Hertz na ƙasar Jamus ya fara tabbatar da samuwarsu a 1887. Dangin haske ne, gudunsu ɗaya da shi, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Abin da ya raba su shi ne yawan kaɗawa. Igiyar da ke kaɗawa sau miliyan ɗaya a daƙiƙa ita ake cewa tana kan megahaz 1.

Kazaure tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Kano, ga kuma duwatsu. A zamanin da ake kama NTA Kano da CTV 67 da eriyar kan gora, saƙon da ke isowa akwatin mutum bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na wat guda ba. Don haka ne kusan kowane gida ya sayi busta, wadda aikinta ta ƙara wa raunanan saƙo ƙarfi. To, busta mai araha ba ta da zaɓi, duk abin da ya shigo mata sai ta ƙara. Mai karatu ya ƙaddara mutum ne ya kasa kunne yana sauraron raɗa daga ƙarshen fili, sai wani ya buga ganga a bayansa. Gangar ba ta ji masa rauni ba, amma raɗar ta ɓace. Na'urar dattijon mai wat 100 ita ce gangar.

Akwai hanya ta biyu, wadda ɗalibai za su iya lissafawa da kansu. Na'urar aika saƙo, in ba a sa mata mataci ba, takan fitar da 'yan igiyoyi a kan ninkin inda aka saita ta. Idan tana kan megahaz 28, ninki bakwai ya zama 196. Layukan talabijin na 5 zuwa 12 kuwa suna tsakanin megahaz 174 da 230. Ka ga ta faɗa gonar wani. Ko babur mai lalataccen fulogi yakan yayyafa wa hoto ɗige-ɗige in ya wuce ta ƙofar gida, ba a kuma taɓa jin an ce fulogi ya sa wani ciwon kai ba. Rawar hoto tana nuna saurin jin akwatin ne, domin an ƙera shi musamman ya ji abin da bai kai ya kawo ba. A jikin mutum babu wata gaɓa da aka yi domin wannan aiki.

Abin da ke isa jiki

Hanyar da aka tabbatar haske ko makamancinsa ke haddasa ciwon daji ita ce ta tsinka sinadarin gado, watau DNA, wanda ke cikin kowace ƙwayar halitta yana tsara mata yadda za ta girma ta rabu. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti yana iya yin haka, shi ya sa ma'aikacin yakan koma bayan kariya kafin ya danna. Wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani shi ma yana iya yi wa fata wannan ɓarna. Sirrin yana cikin yawan kaɗawa: makamashin haske yana zuwa ne ƙulli-ƙulli, ƙarfin kowane ƙulli kuwa gwargwadon kaɗawarsa ne. Ƙullin igiyar wayar salula mai megahaz 900 ya gaza na hasken fitilar ɗaki sau fiye da 500,000, hasken fitilar ma bai isa ya tsinka DNA ba. Ƙara wat ba ya canza wannan. Ko buhu nawa na audugar rimi aka yi ta jifan tulu da ita ƙulli-ƙulli, ba za ta fasa shi ba.

Abin da igiyoyin rediyo ke yi wa nama, wanda babu gardama a kansa, shi ne ɗumamawa. A nan sai a koma lissafi. Ƙarfin igiya yana raguwa da sauri: in nisa ya ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wat 100 da ya bazu ko'ina, a nisan mita 10, yana ba da kimanin wat 0.08 a kan kowane murabba'in mita. Ko da eriyar ta tattara shi waje ɗaya ta ninka shi goma, 0.8 ke nan. Ƙa'idar da hukumar masana ta duniya mai suna ICNIRP ta fitar a 1998 ta sa iyakar jama'a a kan wat 2 ga igiyoyin da ke tsakanin megahaz 10 da 400, an kuma gina ta ne a kan kashi ɗaya cikin hamsin na abin da zai ɗaga zafin jiki da kimanin digiri ɗaya. Ranar azahar ta watan Afrilu a kasuwar Babura tana zuba wa kowane murabba'in mita wajen wat 1,000. Jikin mutum kansa, yana zaune ba ya komai, yana fitar da zafi kusan wat 100, gumi da jini suna kwashe shi ba tare da ya sani ba.

Mai bin labarai zai ce ai an ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce igiyoyin nan suna kawo daji. Abin da ya faru shi ne, a 2011 cibiyarta ta binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa ta sa su a rukunin 2B, watau abin da mai yiwuwa ne, amma hujja ba ta isa ba. Abin da ya fi jan hankalinta wayar da ake mannawa a kunne ce. A 2024 kuma wani nazari da hukumar ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63, bai sami alaƙa tsakanin wayar salula da dajin ƙwaƙwalwa ba.

Ciwon kan fa? A 2007 masana a Jami'ar Essex ta Ingila suka gayyato mutanen da ke cewa turakun sadarwa na sa su ciwo. Lokacin da aka gaya musu an kunna na'ura, sun ji ba daɗi. Da aka ɓoye musu, har shi mai gwajin bai san ko a kunne take ba, sai suka kasa bambancewa fiye da mai cankon sa'a. Wannan ba ya nufin ƙarya suke yi. Fargaba tana hana barci, tana sa zuciya bugawa, tana kawo ciwon kai na gaske. Ɓari kuwa, abin tausayi, yana samun kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na cikin da aka san da shi, a unguwa mai ƙarfe da wadda babu, kuma yawancin na farkon ciki daga matsalar haɗuwar ƙwayoyin gado ne.

Wani abu da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne, wayar da ke hannu takan ƙara ƙarfin saƙonta idan turke ya yi mata nisa. Mutumin ƙauyen Gwiwa da ke hawa tudu neman sabis ya fi wanda ke kusa da turke shan igiyar wayarsa. Turken kuma yana harba nasa saƙon ne can gaba kamar hasken tocila, gindinsa ba ya samun komai sai kaɗan.

A duba gindin ƙarfen

Ban ce ƙarfe ba shi da haɗari ba. A ganina mun ɗaga kai sama ne alhali matsalar tana ƙasa. Turakun sadarwa da yawa janareta ke riƙe da su dare da rana, cibiyar nan ta Liyon kuwa a 2012 ta sa hayaƙin man dizal a rukuni na 1, watau an tabbatar yana kawo dajin huhu. Ga ƙara mai hana barci, ga baƙin mai da ke iya tsiyaya ya gangara rijiya. Dogon ƙarfe yana jawo tsawa, tana kuma iya yin ɓarna in ba a binne masa wayar da za ta kai ta ƙasa ba, wanda kuma ba a ɗaure da kyau ba iskar farkon damina tana iya kayar da shi a kan soro ko a kan wayar lantarki. Wanda ya taɓa eriya tana aiki zai ƙone. Batun tazara ma ya taɓa haɗa hukumomi biyu gardama: ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta 2009 ta ce mita 5 tsakanin turke da gida, dokar hukumar kare muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce mita 10.

A zauren nan ban yi dogon bayani ba. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a ba mu mako biyu." Dattijon ya sa wa na'urarsa mataci mai tare ninkin igiyoyi, ya ƙara wa ƙarfen wayoyin ɗauri uku, ya binne masa sandar tagulla saboda tsawa. A gidaje biyu muka sa ƙaramin mataci kafin busta, a na uku muka tarar wayar eriyar ta tsage, ruwa ya shige ta, muka canza. Hoto ya tsaya cak. Mai ciwon kan kuwa na roƙe shi, don girman Allah, ya je asibiti a auna jininsa. Da ya dawo ya nuna mini katin: 180 bisa 110, ga shi wata takwas yana zargin ƙarfe. Aka ɗora shi a kan maganin hawan jini a ranar.