Tuƙin Jirgin Roba a Mahaukacin Ruwa: Abin da Sabon Shiga Zai Tarar a Kogin Zambezi

Gabatarwa

A ƙasar Hausa an san kogi da fito da su da wanka, kuma duk mai kwalekwale yakan kauce wa wurin da ruwa ke dukan duwatsu. Yana da hujja kuwa, domin a irin wannan wuri ne, a Busa ta kogin Kwara, Mungo Park ya halaka a shekarar 1806. Amma a wasu ƙasashe mutane sukan biya kuɗi, su yi doguwar tafiya lokacin hutu, don kawai su shiga irin ruwan da masu fito ke gudu. Wannan maƙala za ta bayyana asalin wasan, da dalilin haukan ruwan, da abin da ya wajaba sabon shiga ya sani, tare da kawo misali daga kogin Zambezi.

Asalin Wasan

A shekarar 1869 John Wesley Powell ya bi kogin Kolorado na Amurka da jiragen katako, ya ratsa babban kwazazzabonsa da ƙyar da jiɓin goshi. Jirgin katako in ya daki dutse tsagewa yake yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai jiragen roba na soja, waɗanda ake hura wa iska, suka shigo kasuwa da araha. Su kuwa in sun daki dutse lanƙwashewa suke yi su dawo daidai. Wannan shi ya mai da tafiyar kasada ta zama abin shaƙatawa. A Zambezi an fara bin kwazazzabon da jirgin roba a shekarar 1981.

Wurin da Ake Yi

Zambezi shi ne kogi na huɗu wajen tsawo a Afirka. A kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe yana faɗowa daga tsayin mita 108, a faɗin da ya zarce mita 1,700. Mutanen wurin suna kiran mafaɗar Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa. Dabid Libinston ne ya raɗa mata sunan Sarauniya Biktoriya a 1855. Daga nan duk wannan ruwa yakan matse cikin kwazazzabon Batoka, tsakanin baƙaƙen duwatsu masu tsayi. Wuraren haukan ruwa a nan sun haura ashirin, kuma kowane yana da lambarsa.

Me Ke Sa Ruwa Hauka?

Abubuwa uku ne: gangara, da matsi, da cikas. Gangara tana ƙara wa ruwa gudu. Matsi yana tilasta wa ruwa mai yawa bin ƙaramar hanya. Duwatsu kuma suna karya tafiyarsa, iska ta cakuɗa da shi, ya yi fari fat da kumfa. Saboda haka ne Turawa ke kiransa farin ruwa.

Akwai sigogi biyu da ya kamata a bambance. Ta farko igiyar ruwa ce mai tsayawa wuri ɗaya, ruwa yana wucewa ita tana nan. Jirgi yakan hau ta ya sauka. Ta biyu kuwa rami ce, inda ruwa ke zubowa ta kan dutse ya nutsa, na sama ya juyo da baya. Ramin nan shi ne mugu, domin yana iya riƙe jirgi ko mutum yana juyawa. Daɗin daɗawa, ruwan da ya cika da kumfa ba ya ɗaga jiki kamar ruwa mai kwanciya, don haka ko gwanin iyo yana bukatar rigar da ke hana nutsewa.

An kasa haukan ruwa mataki shida. Na ɗaya ɗan motsi ne kawai. Na biyar yana da haɗari ƙwarai, sai da ƙwararren jagora. Na shida kuwa ba a shigar da baƙi. Batoka yana da na biyar da dama. A lamba ta 9, wadda ake lissafa ta a mataki na shida, sauka ake yi a zagaye ta kan duwatsu da ƙafa. Lamba ta 18 kuwa igiyoyi uku ne a jere, kuma ta yi suna wajen kifar da jirage.

Abin mamaki shi ne, ruwan ya fi hauka lokacin da ya ja baya, daga wajen Agusta zuwa Disamba, saboda duwatsu suna kusa da sama. In kogi ya cika akan taƙaita tafiyar, in ya yi yawa ainun a dakatar da ita.

Abin da Sabon Shiga Zai Kiyaye

Jirgi ɗaya yakan ɗauki mutum shida zuwa takwas, da jagora a baya. Kowa yana da filafili da hular kwano da rigar hana nutsewa, wadda tilas a ɗaure ta tamau, domin da kafaɗunta ake jawo wanda ya faɗa. A gefen jirgin ake zama, a cusa ƙafa a matse. Jagora yana ba da umurni: a tuƙa gaba, a tuƙa baya, a tsaya, a durƙusa a kama igiya. Baƙo in ya ga igiyar ruwa ta tsaya masa kamar bango, zuciyarsa takan ce ya daina tuƙi ya ƙanƙame. Wannan kuskure ne, domin jirgin da ya rasa gudu shi ruwa ke juyawa ya buga ta gefe. Har ila yau ba a sakin kan filafili, don kada ya fasa wa na kusa baki.

Wanda ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, don su tare masa duwatsu. Ya shaƙi iska a tsakanin igiyoyi. Babban abin hani shi ne miƙewa tsaye a ruwa mai gudu: ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum da fuska a ƙasa, ko da zurfin bai kai ƙugu ba. In jirgi ya kife a kan mutum, akwai iska a ƙarƙashinsa. Ya lallaba da hannu ya nufi gefe guda har ya fito. Akwai kuma masu ƙananan kwalekwale da ke bin tawaga don ceto.

Rigakafi ya fi magani. Mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wanda ya sha abin maye, ba su da rabo a wannan wasa. Mai hankali yakan duba kayan kamfani, ya tambayi ƙwarewar jagora, ya faɗi gaskiya in bai iya iyo ba, kuma ya fara da mataki na biyu ko na uku. Ya kuma tanadi ƙarfi, domin bayan an gama sai an hau gangaren kwazazzabo da ƙafa cikin zafin rana, hawan da yakan fi tuƙin gajiyarwa.

Kammalawa

Mahaukacin ruwa ba ya dawwama. Dam na Kainji, da aka kammala a 1968, ya shanye duwatsun Busa. A Yuganda dam na Bujagali ya rufe mafaɗar da masu jiragen roba ke bi a kogin Nilu, aka kammala shi a 2012. Zambiya da Zimbabuwe ma sun daɗe da shirin gina dam a Batoka mai ba da megawat 2,400 na lantarki, wanda tafkinsa zai haɗiye da yawa daga wuraren nan. Ƙasashen suna bukatar wuta, mutanen garuruwan da ke gefen mafaɗar kuma da yawansu da baƙi suke ci. Gangarar da ke sa ruwa hauka ita ce ke juya injin lantarki, shi ya sa zaɓin yake da wuya.