Tiyar wata kasuwa ba ta awon hatsin Lugu

A shekarar 2000 wasu masana biyu na Amurka, Donde Ashmos da Dennis Duchon, suka fito da wata takardar tambayoyi domin auna abin da suka kira rayuwar ruhi a wurin aiki. Sun gwada ta bisa ma'aikatan asibiti na ƙasarsu, suka kuma kafa ta kan ginshiƙai uku: rayuwar zuci ta ma'aikaci, aiki mai ma'ana, da zumunci tsakanin abokan aiki. Sun ware wannan abu daga addini. Tun daga nan takardar ta zagaya ƙasashe, ana fassara ta harshe bayan harshe.

To, in aka kai ta Lugu, cikin gundumar Dogon Dutsi, me za ta auna?

Lugu ce garin Sarauniya, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. A can kuma dutsen Tunguma yake, wanda aka saba kai wa ƙara in gaskiya ta ɓuya. Wurin aiki a wannan yanki shi ne gona, da maƙera, da bakin rijiya. Abokan aiki dangi ne na gandu ɗaya, ko maƙwabtan da gayya ta tara. Babu shugaban ma'aikata, babu albashi. Ga musulmi, noma neman halal ne da ake farawa da bisimilla. Ga azna, ƙasa tana da masu ita, kuma ba a taɓa ta ba tare da girmama su ba. Ko wannan ko wancan, ba wanda ke raba aiki da bauta.

Kalma ma kanta tarko ce. In tafinta ya ce ruhi, malami zai fahimci abu guda. In ya ce kurwa, an shiga zancen maita. In ya ce iska, an faɗa bori. Fassara da sake mayarwa harshen asali, dabarar da Richard Brislin ya bayyana a 1970, tana gyara lafazi, amma ba ta tabbatar da cewa ma'ana ɗaya ce. Ga kuma kunya: a Arewa, inda Adeline Masquelier ta nuna a littafinta na 2001 yadda musulunci ya ture bori gefe, ba kowa ke faɗa wa baƙo mai alƙalami abin da yake bauta wa ba.

Akwai mafita. A 2009 Duchon da Pawinee Petchsawang suka sake gina ma'aunin a Tailan, inda tausayi da natsuwar zuci irin na mabiya Buda suka samu gurbi. Haka ya kamata a yi wa Arewa: a zauna da manoma, da mata, da malamai, da dattawan gargajiya, a ji kalmominsu kafin a rubuta tambaya ko ɗaya. In ba haka ba, lissafi zai fito tsaf, a tsara wa mutane ayyuka bisa amsar tambayar da ba tasu ba.