Ko wayar salula za ta rage wa malaman Haɗeja wahalar makin takardu?

Tun daga shekara ta 2015 babu ɗalibin da ke rubuta jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB a Najeriya da biro da takarda. Kowa a gaban kwamfuta yake zama.

Hukumar WAEC ma ta fara irin wannan jarrabawa ga ɗalibai masu zaman kansu a 2024. A watan Afrilun 2025 ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ce WAEC da NECO za su koma amfani da kwamfuta gaba ɗaya a 2026, kodayake daga baya majalisar wakilai ta nemi a jinkirta har zuwa 2030.

Wannan lamari ya shafi ɗaliban masarautar Haɗeja kai tsaye. Yaron da ya yi karatu a wani ƙauye na Guri ko Kiri Kasamma, idan yana son shiga Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, sai ya bi ta gaban na'urar da watakila bai taɓa ɗora hannu a kanta ba.

Shi ya sa hankali ya fara komawa kan shafukan intanet da malamai za su iya shirya gajeren gwaji da su a cikin aji.

Yadda suke aiki

Mafi sauƙi a cikinsu shi ne Google Forms, wanda kyauta ne. Malami zai rubuta tambayoyi, ya nuna amsar da ke daidai, sannan ya aika wa ɗalibai adireshin shafin, alal misali ta WhatsApp.

Da zarar ɗalibi ya kammala, na'urar za ta yi maki nan take. Haka kuma za ta nuna wa malamin tambayoyin da aka fi faɗuwa a kansu.

Akwai kuma Kahoot, wanda aka ƙaddamar a ƙasar Norway a 2013, da Quizizz da ya samo asali daga Indiya, wanda ya sauya suna zuwa Wayground a 2025. Waɗannan sun mayar da gwaji tamkar gasar kacici-kacici, inda ake ganin wanda ke kan gaba bayan kowace tambaya.

Ina amfanin yake?

Tun a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a riƙa auna fahimtar ɗalibi a kai a kai, maimakon a jira jarrabawar ƙarshen zango. Wannan ne gwajin C.A. da ɗalibai suka sani.

To sai dai aikin makin yana da cin rai. A ɗauka malami yana da azuzuwa 4, kowane da ɗalibai 80. Takardu 320 ke nan. Idan kowace ta ɗauke shi minti 3, sai ya shafe sa'o'i 16 kafin ya gama.

Kafin sakamako ya fito, an riga an wuce darasin, kuma makin ya zama lamba kawai da ake shigarwa a rajista.

A nan ne waɗannan shafuka suka fi amfani. Malamin lissafi na iya tambaya: nawa ne 1/2 a haɗa da 1/3? Idan akasarin aji suka zaɓi 2/5 maimakon 5/6, ya gane cewa suna haɗa lambobin sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Zai gyara kuskuren a ranar, tun bai zauna musu a kai ba.

Wasu masana biyu na Birtaniya, Paul Black da Dylan Wiliam, sun wallafa wani nazari a 1998 da ya nuna cewa irin wannan gwaji, wanda malami ke gyara koyarwarsa da shi, yana ɗaga ƙoƙarin ɗalibai, musamman waɗanda ke baya a aji.

Ga yankin Haɗeja kuma akwai wata fa'ida ta daban. Kogin da ke ba da shinkafa da alkama da kifi shi ne kuma ke tumbatsa da damina.

A ambaliyar 2020 da ta 2022 ruwa ya ci garuruwa da gonaki a yankin, mutanen Haɗeja suka duƙufa wajen ɗaga jinga da buhunan ƙasa, wasu makarantun jihar kuma suka zama mafakar waɗanda suka rasa gidajensu.

Rajistar maki ta takarda ruwa na iya lalata ta. Wadda aka adana a intanet kuwa tana nan, ko da ɗalibi ya koma wata makaranta.

Matsalolin da ke akwai

Sai dai yawancin shafukan an tsara su ne da tunanin kowane ɗalibi na riƙe da waya ko kwamfuta, ga wutar lantarki, ga kuma layin sadarwa mai ƙarfi.

Ba haka abin yake ba a ƙauyukan da ke cikin fadama, inda da yawa a shago ake biyan kuɗin cajin waya. Kuɗin data ma ya ƙaru, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

Idan aka ba da gwaji a yi a gida, ɗan mai hali ne zai ci riba. Yarinyar da sai ta jira yayanta ya dawo daga gona ta ari wayarsa, za ta iya rasa maki ba don ba ta san amsa ba. Ga shi kuma malami ba shi da tabbacin wanda ya amsa tambayoyin.

Akwai matsalar rubutun Hausa. Na'ura tana bin haruffa ne ɗaya bayan ɗaya, don haka idan amsar ita ce "ƙasa", ɗalibin da wayarsa ba ta da harafin ƙ ya rubuta "kasa", za ta kayar da shi, sai fa idan malamin ya shigar da duka biyun.

Tambayoyin zaɓin amsa, waɗanda ɗalibai ke yi wa laƙabi da canki-canka, ba sa nuna ko yaro zai iya rubuta wasiƙa ko insha'i.

Kuma na'ura ma tana kuskure. A 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi afuwa bayan wata tangarɗa ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, abin da ya sa aka sake musu jarrabawar.

Waya ɗaya ta isa

Akwai hanyoyin da suka fi dacewa da ajin da ba shi da kayan aiki. Manhajar Plickers wayar malami kawai take buƙata.

Ana ba kowane ɗalibi katin takarda mai wani zane na musamman. Gefen da ya ɗaga sama shi ke nuna ko A ya zaɓa, ko B, ko C, ko D. Malamin zai haska ajin da kyamarar wayarsa, amsoshin su shigo cikin daƙiƙoƙi.

Katunan 63 ne kawai, don haka ajin da ya haura haka sai an raba shi gida biyu.

Manhajar KoboCollect kuma, wadda ƙungiyoyin agaji ke tattara bayanai da ita, tana karɓar amsoshi ba tare da intanet ba, sai ta aika su idan an samu layi.

Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta na iya shigar da ɗalibai rukuni-rukuni, domin hannunsu ya faɗa kafin ranar JAMB.

Amma ko wace hanya aka bi, rubuta tambaya mai kyau aikin malami ne. Idan kuma ya ga rabin aji sun faɗi, ya wuce darasi na gaba ba tare da ya koma baya ba, to wayar ba ta ƙara wa ɗaliban komai ba.