Mata Sun Fara Magana, Amma Ina Za Su Je?

Shekara ashirin da suka wuce, idan aka ji ihun mace a maƙwabta, abin da aka saba shi ne a ce tsakanin miji da mata sai Allah, kowa ya ja ƙofarsa. Yau dukan mace ya zama abin tattaunawa a rediyo, a Facebook, har a kan mumbari. Me ya kawo wannan sauyi?

Doka ta taimaka. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar VAPP, wadda ta haramta cin zarafi a cikin gida, sai dai a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta amince da tata. Kullen korona na 2020 ya tsare mata da masu dukansu a ɗaki guda, koke-koke suka yi yawa, jihohi da dama suka hanzarta karɓar dokar. Rasuwar mawaƙiya Osinachi Nwachukwu a 2022, da shari'ar mijinta kan zargin cin zarafinta, sun girgiza ƙasa baki ɗaya.

A Arewa kuwa, a ganina, bakin da maganar ta fito ya fi dokar tasiri. Muddin ƙungiyoyi ne kaɗai ke yin ta a ɗakin taron otal, da sauƙi a ce aikin Turawa ne masu son raba aure. Amma da Sarki Muhammadu Sanusi II ya tsaya a Jami'ar Bayero a 2024 ya ce yana gaya wa 'ya'yansa mata su rama idan miji ya mare su, sai muhawarar ta shiga zaure da majalisar shayi. Wasu sun yi tir da shi, wasu sun yaba, amma ba wanda ya iya cewa baƙo ne ya faɗa. Malamai ma sun ƙara tunatar da cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan matarsa ba.

Matsalar tana bayan an yi maganar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko makamancinsa, kuma fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su nemi taimakon kowa ba. Ba rashin sani ne kaɗai ya rufe musu baki ba. Matar da ta yi yaji, kwana biyu za a zo biko, iyaye su ce "ki yi haƙuri, ki zauna don 'ya'yanki," sau da yawa don gidan ba ya iya ɗaukar ƙarin baki. A caji ofis a ce matsalar gida ce, a je a sasanta. Ga tsoron zawarci, ga rashin sana'a. Sashe na 55 na tsohuwar dokar Penal Code ma ya bai wa miji damar ladabtar da matarsa in bai yi mata mummunan rauni ba.

Akwai cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu a Kaduna, akwai lauyoyin ƙungiyoyin FIDA da WRAPA masu tsaya wa mata, amma galibi a birane suke. Wadda ta ji shirin rediyo a ƙauye ta yi ƙarfin halin kai ƙara, da yamma gidan mutumin da ta kai ƙara za ta koma ta kwana, kuma ya riga ya ji.