Jaruma: Waƙar Fiyano da Yadda Ta Iso Birnin Gwari

'Yan uwana ɗalibai, duk lokacin da musu ya tashi a ɗakin kwana kan ko kiɗan fiyano kiɗa ne na gaskiya, da wuya a tashi ba a ambaci Jaruma ta Hamisu Breaker ba. Waƙar ta fito a 2020, kuma ina ganin ta isa misali na yadda ake haɗa irin wannan kiɗa, da yadda jama'a ke karɓarsa daban-daban gwargwadon inda suke zaune. Ni ɗan Birnin Gwari ne, kuma abin da na gani a can ya sha bamban da abin da aka yi ta faɗa a Kano da Kaduna.

Bari mu fara da kiɗan kansa. A irin waɗannan waƙoƙi ba a tara makaɗa. Mutum ɗaya ne zai zauna a situdiyo da fiyano da kwamfuta. Zai fara aza ganga, ya bi ta da amon garaya ko sarewa, duk daga cikin na'ura, sannan mawaƙi ya shiga ya ɗora murya. Daga nan sai a bi muryar da manhajar Auto-Tune, wadda ta fito tun 1997, ta daidaita inda ta kauce, ta ba ta wannan santsin da muka saba ji. Wannan salo ya kafu ne a Kano ta hanyar finafinai. Wajen shekarar 2000, waƙoƙin fim ɗin Sangaya da aka kaɗa da fiyanon Yamaha suka nuna wa masu shirya fim cewa na'ura ɗaya za ta iya yin aikin makaɗa biyar. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan haka.

Ba mu kaɗai muka yi wannan musun ba. A Ingila, ƙungiyar mawaƙa ta The Human League ta fitar da Don't You Want Me a 1981, kiɗanta na na'ura ne, kuma ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar. Shekara guda bayan haka, wani reshe na ƙungiyar ƙwadagon makaɗan ƙasar ya nemi a hana amfani da irin waɗannan na'urori, don tsoron kada su raba mutane da abincinsu. Ka ga kenan kukan mai kalangu a nan, mai goge ya riga ya yi shi a can.

To, me ya sa Jaruma ta yi wannan tashe? Lokaci ya taimaka mata ƙwarai. Ana cikin dokar kulle ta korona, makarantu a rufe, kowa na gida da waya a hannu. Da Ƙaramar Sallah ta zo a watan Mayu, sai bidiyon matan aure suna taka rawar waƙar a gaban mazajensu ya cika Instagram da WhatsApp. Nan take aka rabu biyu. Wasu malamai da dattawa suka ce abin da ya kamata ya tsaya a ɗaki an fitar da shi kasuwa. Wasu kuma suka ce ai gara a ga ma'aurata cikin nishaɗi da a riƙa jin labarin saki kullum. Ku lura da kyau: ba a kan fiyano aka yi faɗan ba, a kan ɗora bidiyon aka yi.

A Birnin Gwari kuwa, wannan ce-ce-ku-ce bai yi wani ƙarfi ba, domin mafi yawan mutane ba ta intanet suka samu waƙar ba. Ta wajen masu cajin waya ta shigo. Ka miƙa memori, ka biya ɗan abin da ba a rasa ba, a loda maka waƙoƙi, kai kuma ka tura wa abokai ta Xender ko Bluetooth. Ranar kasuwa mutanen ƙauyukan bakin daji su zo su loda nasu su tafi da ita. A gidajen biki mata suna kunna ta a tsakar gida su yi rawarsu su kaɗai, ba mai ɗauka balle ya watsa. Saboda halin tsaro, taron biki kan watse tun kafin magariba, kuma makaɗi daga wani gari ba ya son bin hanyar Buruku da Udawa. Sifika mai caji ɗaya ta tsaya a madadinsa.

Abin ya ƙara fitowa fili a ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna, har da yankinmu, don yaƙi da 'yan bindigar daji. Kusan wata biyu ba kira, ba data. Amma wallahi waƙa ba ta tsaya ba, tunda tana cikin memori.

Akwai abu biyu da nake so mu riƙe. Na farko, alƙaluman YouTube da muke kafa hujja da su ba sa ƙirga irin mutanenmu. Wanda ya ji waƙa sau ɗari ta memori bai ƙara mata ko ɗaya a lissafi ba, kuma ko sisi bai kai ga mawaƙin ko yaron da ya kwana yana haɗa kiɗan ba. Na biyu, makaɗan gargajiya na yankin sun rasa bukukuwa ta fuska biyu, ga na'ura ga rashin tsaro, kuma idan suka ajiye kalangu babu wanda ya naɗi kiɗansu.

Mu da ke karanta kwamfuta da aikin jarida da lantarki, nan aikinmu yake. Wayar da ke aljihunka ta isa ka naɗi tsohon makaɗin garinku a hutun nan, da izininsa, ka rubuta sunansa da ranar da ka ɗauka. Masu son zama furodusa kuma su yi tunanin yadda mai loda waƙa zai riƙa biyan mai waƙa, ko da kaɗan ne. Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.