Ko Kun Sani? Sauya Gishirin Miya Ya Rage Shanyewar Jiki

A ƙauyuka 600 na arewacin ƙasar Sin, masu bincike sun bi lafiyar mutane kusan 21,000 har kusan shekara biyar. Dattawa ne masu hawan jini, da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Aka ba rabin ƙauyukan wani gishiri da aka cire kashi ɗaya cikin huɗu nasa, aka cike gurbin da gishirin potasiyam. Suka ci gaba da girkinsu yadda suka saba. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 12. Sai dai mai ciwon ƙoda kada ya taɓa wannan gishirin sai da shawarar likita.